Ta'aziyyar Haladu

Tun da aka kafa dokar tantance mutum da ƙwayar ido, intanet ta daina karɓar saƙon Malam Ɗayyabu. Makaho ne, manhaja ke karanta masa allo.

Bayan azahar ya buɗe shafin ta'aziyyar amininsa Haladu, wanda ya rasu. Manhajar ta jero sunayen masu gaisuwa, duk ya san su. Ya rubuta addu'arsa.

"Kalli ɗigon haske," in ji manhajar.

Ya juya fuska inda yake zato.

"Ba a tabbatar kai mutum ne ba."

Ya kira ƙanwarsa Turai ta ara masa ido.

"Yaya, ina wurin aiki. Bari sai Juma'a."

Ya ajiye wayar, ya sa manhajar ta karanto masa addu'ar. Shi kaɗai ya ce amin.