Roƙon Bara

Da fasto ya ce duk mai godiya ya miƙe, direban ya dubi sandarsa ya ci gaba da zama. Safiyar sabuwar shekara ce a ƙaramar majami'ar Jega, shi kuwa ya laluba shekarar da ta wuce bai ga abin godiya ba. Motar albasa ta kife da shi a hanyar Maiyama, ƙafarsa ta karye, mai ɗori na Aliero ya haɗa ta, ya yi wata biyar kwance a gida. A shekara tara na aurensu bai taɓa kwana uku a jere a ɗakinsa ba.

Sai matarsa ta miƙe.

"Jama'a, ku taya ni godiya. Bara war haka na roƙi Ubangiji shi zamnar min da maigida wuri guda. Ya ko amsa."

Majami'a ta ɗauki dariya. Ya jawo gefen mayafinta, ya yi ƙasa da murya.

"Ashe ke ce. Ba ki gaya mai ta yaya ba?"

"Maigida, ya fi ka sanin hanya."

Ta zauna a hankali, ta sassauta ɗaurin zanenta, ta bar tafin hannunta a kan cikin da aka shekara tara ana yi musu addu'arsa. Ya daɗe yana kallon hannun.

Ya dogara sandar, ya miƙe.

"Na gode wa Ubangiji," ya ce. "Amma roƙon bana, fasto, ni za ni yi shi."