Hannun Inna

Hoton da wata mai sayen kayanta ta turo ne ya sa Auta ta ajiye kofin shayinta. Jariri ne naɗe cikin farin shawul, a ƙasa an rubuta: "Ki gaishe mana da Inna, furenta ya yi kyau." Auta ta ƙara girman hoton. Ga shi nan kuwa a kusurwa, ɗan furen kwarashi mai murɗawa hagu, irin wanda ke jikin duk saƙar da ta taɓa fitowa daga ɗakin mahaifiyarta. Ita kuwa Inna tun bara aka kai ta makwancinta.

Auta ce ta buɗe shafin a wata kasuwar intanet ta masu aikin hannu, ta sa masa suna Hannun Inna. Da farko ƙawayenta ne kawai ke saye. Sai wata mai mabiya da yawa ta naɗe ɗanta a shawul ɗin ta ɗauki bidiyo, shi ke nan waya ta daina hutawa. Inna takan karɓi ƙullin ulu ta shige ɗaki da rana, lokacin da Baba ke kwance a ciki yana hutawa, ta turo ƙofa. "Ba na son ido in ina aiki," in ji ta. Duk ranar da Auta ta roƙi a koya mata, amsar ɗaya ce, gobe. Aiki ya yi ta ƙaruwa, Inna na mitar hannu biyu ne fa, amma abin mamaki ita ko a jikinta. Baba ne ma ya rame, idanunsa kullum ja.

Da Inna ta rasu, Auta ta kasa rubuta hakan a shafin. Mutane sun riga sun yi oda, kasuwar kuma ba ta san makoki ba, wanda ya yi jinkiri sai ta tura shi can ƙasa inda ba mai ganinsa. Sai ta samo wani ɗan kasuwa mai kawo shawul na inji a kwalaye, santsi sumul, babu fure. Ta jibge su a ɗakin Inna, ta kulle, ta rataye makullin a wuyanta. Kunya na cinta, amma da shafin ake cin abinci a gidan, da shi ake sayo maganin Baba.

Ta tashi ta buɗe ɗakin. Ƙamshin turaren Inna na nan bai gushe ba. Ta yage kwalin da ke sama, ta zaro shawul ɗaya. Fure. Ta zaro na biyu, fure. Na ƙasa kuwa babu komai, kamar mai aikin bai iso wurin ba tukuna. A kan kujerar Inna ga kwarashi soke cikin ƙullin ulu, ita kuma ta tabbata a akwati ta adana shi. Ta fito da baya tana salati.

Baba na zaune a baranda, rediyo a hannunsa na hagu kamar kullum. Tsohon soja ne, bahago, wanda har yanzu in ya yi gyaran murya samarin layin ke gyara tsayuwa.

"Baba, akwai mai shiga ɗakin Inna?"

"Makulli ba a wuyanki yake ba?" Ya ƙara muryar rediyon.

Ta kaɗe masa wani farin zare da ya maƙale a rigarsa, ta wuce. Ba ta iya gaya masa ba. Mutumin da bai ko zubar da hawaye a gaban jama'a ba ranar rasuwar, ta ina za ta fara ce masa matarsa na dawowa ta yi saƙa?

Ana cikin haka saƙon masu kasuwar ya iso. Kayan inji sun cika musu shafuka, masu saye sun fara gudu, don haka kowane shago sai ya nuna mai aikinsa a kiran bidiyo, hannu na saƙa ana kallo. Wanda ya kasa, a rufe shi. Auta ta karanta wa Baba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

Ranar kiran ta fita da hantsi ta kai kaya wurin masu aikawa, ta tarar da layi ya yi tsawo, ta juyo. Gidan tsit, baranda ba kowa. Daga ɗakin Inna kuwa wani ɗan sauti ke fitowa, ƙis, ƙis, na kujerar Inna mai kuka. Ta taɓa wuyanta, makullin na nan. Wallahi ta so ta gudu. Amma kewar uwa ta fi tsoro ƙarfi, in ma Inna ce, to ta gan ta ko sau ɗaya. Ta tura ƙofar, ƙofar ta buɗe, wani makulli na biyu soke a jikinta.

Tabarau ne a kan hanci, farin shawul a cinya, kwarashi na ta kai da komo a hannun hagu, fure ya kusa rufewa. Baba bai ɗago ba sai da ya ƙulle zaren ya yanke shi da haƙori.

"Turo ƙofar, kada maƙwabta su gani," ya ce a hankali, hawaye na bin gemunsa. "Uwarki, Allah ya jiƙanta, ko maɓalli ba ta taɓa iya ɗinkewa ba, asirina ta rufa tun muna amarya da ango. Kira mutanen naki, amma hannu kawai za ki nuna musu, ban da fuska."