Rigar Kawu a Kan Keke

Kawu, ƙanen Innata, shi ya goyo ni a sabon kekensa daga asibitin Birnin Kudu, inda aka yi mini allurar zazzaɓi. Lokacin kuɗin man fetur sun fara shigo wa ma'aikata, ya sayi keken nan, ko ledar jikinsa bai yarda an ɓare ba.

Ba mu kai ƙauyen Surko ba hadari ya taso daga gabas. Iska ta dinga tura mu gefen hanya har ta kayar da mu cikin kunyar gero. Keken ya fara tayarwa, ba ni ba. Da ruwa ya kece, ya jingine shi jikin kuka, ya tuɓe babbar rigarsa. Na miƙa hannu, jikina yana karkarwa. Sai ya lulluɓe keken da ita.

Na ce, "Kawu, sanyi nake ji."

Ya ce, "Ke ai ba kya tsatsa."

Har ya rasu keken nan yana ƙyalli. Ni kuwa zazzaɓin da ya dawo mini ya toshe kunnena na hagu, kuma shi nake juya wa dangi duk sanda suka fara yabon Kawu.