Motar Gado a Ƙarƙashin Tamfol

Ka taɓa ganin motar da ta ƙare ba hatsari, ba gobara, ba ɓarawo? To gyara zama ka ji abin haushi.

Wasu 'yan'uwa biyu ne, manoman albasa a wani ƙauye can bayan fadama. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu tsohuwar motar jeji, irin doguwar nan da ƙafafunta huɗu duka ke ja. Ta tsufa kam, ƙofa ɗaya ma da igiya ake ɗaure ta. Amma in damina ta zauna, hanya ta koma kunu, ita kaɗai ke tsallake fadamar da kaya, kuma a lokacin ne albasa ke daraja. Shi ya sa suke adana tasu tun rani, sai ruwa ya sauka su fitar da ita kasuwa.

Ana nan, da rani, sai giyar motar ta daina shiga. Ƙanen ya ce a gyara, don ya san in babu ita albasar bana a gida za ta ruɓe. Wan ya ce ya gaji da jinyar tsohuwa, a sayar tun tana da mai so, a nemi wata. Kowa da gaskiyarsa fa! Gyaran dabara ne, sayarwar ma dabara ce. Amma maganar da za a gama kafin shayi ya huce, sai ta zama gaba. Suka tura motar bayan gida ƙarƙashin tsamiya, suka lulluɓe ta da tamfol. Ƙanen ya rantse ba zai ƙara leƙa ta ba sai ranar da aka kira bakanike. Wan ya rantse sai ranar da aka kira dillali. Daga nan sai gaisuwa, ita ma a tsaye.

To ka san halin ƙauye, ba a hana maƙwabci aro. Mai injin niƙa ya zo wurin ƙanen neman batir na kwana biyu. Ƙanen ya ce, "Ɗauka mana, ai in an zo gyara sabo za a sa." Mai amalanke ya je wurin wan neman tayoyi. Wan ya ce, "Cire, mai saye ba ya ƙirga ƙusa." Kafin wata ya kama, gari ya gane hanya: in wannan ya ba ka yau, gobe ka je wurin wancan. Fitilu suka tafi, lagireto ya bi, kujerar baya ta koma rumfar mai shayi. Shi ƙanen yana ganin ai abu uku kacal ya bayar, kuma kowane aro da ya bayar, a ransa hujja ce yake tara wa yayansa cewa gyara ya zama dole. Bai taɓa kawowa a ransa cewa wani ma yana bayarwa ta ɗaya gefen ba. Ta ina zai sani? Ba ya tambaya, ba ya ɗaga tamfol.

Sai ga ruwa. Mako biyu da saukarsa ƙanen ya shiga ɗakin albasa, ya ji warin da kowane manomi ke tsoro. Ya danna ɗaya da yatsa, ta lotsa. Nan take ya haɗiye rantsuwarsa ya nufi yayansa.

"Yaya, na sauka. Ko gyara ko sayarwa, zaɓi ɗaya, amma yau."

"Kai ma dai! Ni da na yi wata guda ina so in ce a gyara, ka ƙi tsayawa mu haɗa ido."

Don kada a sake musu, suka kira bakanike da dillali rana ɗaya. Aka yaye tamfol, ƙadangaru suka watse ta ko'ina. Ga mota zaune a kan duwatsu, ba ƙafa, ba ido, kaza na kwanci a mazaunin direba. Bakanike ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Maigida, ina motar da za a gyara?" Dillali ya kaɗe rigarsa ya ce wannan sai 'yan gwangwan, su ma sai an sallami kazar.

Abu ɗaya ne babu wanda ya ara: giyar nan da ta lalace. Bakanike ya kwanta ya buɗe ta, ya fito da wani ɗan ƙarfe da bai kai yatsa ba, ya ce, "Wannan ne ya karye. Aikin hantsi zuwa azahar ne."

Ƙanen ya bi gida gida neman kayan aro. Mai amalanke ya tafi cin rani da tayoyin bai dawo ba, batir ya mutu a injin niƙa, lagireto kuwa an ba wani aro, shi ma ya ba wani. Kafin ya haɗa rabi, albasar ta gama narkewa. A kwando suka kwashe ta, shi da yayansa, suka zubar a gindin tsamiyar nan, kusa da motar.

Saboda haka, in akwai abin da kai da ɗan'uwanka kuka lulluɓe kuna jiran wani ya fara magana, don Allah tashi yau ka je ka same shi, ku yaye tamfol ɗin tare, ku yanke ko gyara ko sayarwa. Hausawa ba su faɗa a banza ba: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.