Jakunan Farfesa

Jakin ya kafe a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, ana ja ta gaba, ana turawa ta baya, ko gezau. Farfesa na tsaye a baranda yana yi masa irin kallon da uba ke yi wa ɗan da ya zo na ɗaya a aji.

"Wannan na gaske ne," in ji shi. "A ɗebo jininsa, a kai teburina."

Farfesa shi ne shugaban sashen nazarin ƙwayoyin halitta, kuma rabin rayuwarsa ya tafi a neman abu guda: ƙwayar gadon da ke sa jaki taurin kai. A cewarsa, ran da aka gano ta, manomi zai iya sanin jakin da zai ba shi wahala tun yana shan nono. Abin da ba ya faɗa shi ne, wa'adin Shugaban Jami'a ya kusa ƙarewa, kuma ya daɗe da auna kujerar da ido.

Ɗalibai na kiransa Yayyafi. Shi a ganinsa don iliminsa na sauka ne kamar rahama. Layin gaba na ajinsa kullum babu kowa, wannan kuma ya ɗauke shi kwarjini.

Da kansa ya raba aikin. Jinin jakuna masu ladabi ya tura wa Dakta, wata malama mai ƙarancin magana da ke aiki da safar hannu da takunkumi kamar mai shirin tiyata. Jinin masu gardama kuwa, da yake nan suna yake, ya riƙe wa kansa. Ba ya aiki sai da 'yan kallo. Yana buɗe kwalabe yana bayani, yana rufewa yana zagin abokan hamayyarsa. Da Dakta ta miƙa masa takunkumi, dariya ya yi.

"Takunkumi ai na jaki ne, ba na mai binciken jaki ba."

Da sakamako ya fito, har na'urar gwajin jinin kamar ta ji tsoronsa. Wani tsari na ƙwayar gado ya bayyana a jinin kowane jaki mai gardama, babu ko alamarsa a jinin masu ladabi. Farfesa ya raɗa masa suna Ƙwayar Taurin Kai, ya kira 'yan jarida tun kafin ya kira Dakta.

Ita kuwa ta daɗe tana duban allon na'urar.

"Ranka ya daɗe, abin nan ya yi kyau da yawa. Jakunan nan daga garuruwa daban-daban aka kawo su, amma ko tagwaye ba sa kama haka. Da mun sake gwajin."

Kafin mako ya zagayo an cire sunanta daga binciken. An tsayar da ƙarin girmanta, an gurfanar da ita gaban kwamitin ladabtarwa bisa laifin hassada da raina na gaba. Ofishinta ya koma wurin ajiye dusar jakuna.

A gida matarsa ta gwada tata sa'ar. "Baban yara, baiwar Allah nan fa marayu take riƙe da su. In an sake gwajin me zai ragu?"

Ya matso kusa da ita ya zuba mata lacca kan butulcin ƙananan malamai. Ta saurara har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta koma kicin.

Don ya toshe bakin masu surutu, ya aika kwalabensa wata babbar cibiyar bincike a ƙasar waje. Shugabar cibiyar, wata dattijuwa da sunanta ke cikin littattafan da shi kansa ya karanta yana ɗalibi, ta ce za ta zo da kanta. Farfesa ya sa aka yi wa babban zaure fenti.

Tun a filin jirgi ta nemi su keɓe. Ya ce sai gobe. Da safe ta sake nema a ƙofar zauren.

"Farfesa, magana ce ta mutum biyu."

"Ni ba na ɓoye nasarata. A gaban kowa za ki faɗa."

Zaure ya cika. 'Yan majalisar jami'a sun jeru da rigunansu masu nauyi, an ɗaure jakin nan a gefen dandali da furanni a wuya, yana cin su. Dakta na can baya kusa da ƙofa, don da an tashi za ta wuce gaban kwamiti. Farfesa ya yi jawabi har masu ɗaukar hoto suka fara ja da baya, sannan ya miƙa wa baƙuwa abin magana.

Ta ce sun maimaita gwajin, kuma tabbas tsarin yana cikin kowace kwalba. Tafi ya ɓarke. Ta ɗaga hannu ta ce tana da tambaya ɗaya: wa ya yi aikin kwalaben jakuna masu gardama?

Farfesa ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya juyo wajen kyamarori.

"Ni kaɗai. Duk duniya babu wanda ya kusance su sai ni."

Dattijuwar ta dube shi da tausayi, ta dubi jakin, sannan ta sunkuyo kan abin maganar.

"To, ina ba jakuna haƙuri. Abin da muka samu a kwalaben nan ba daga jininsu ya fito ba, yawun mutum ne, namiji guda ɗaya."