Rigunan Ƙyallen Masunta

Ka ce za ka tafi kudu neman abinci, kuma ba ruwanka da mutanen can, aikinka kawai za ka yi ka dawo. To zauna, ɗana, in ba ka misali da mijina Malam, Allah ya jiƙansa. Tela ne, kuma mun daɗe a wani gari na bakin teku inda yawancin mutane Kirista ne. Duk shekara, kafin su shiga azuminsu, sukan yi wani babban biki. Kowace unguwa ta ɗinka kayanta, a sa fuskokin dodanni na takarda da fenti, a bi titi da ganguna har bakin ruwa. Unguwannin masu hali sukan fito cikin siliki mai ƙyalli. Masunta kuwa su ne a ƙarshen layi, da rigunansu na kullum masu ƙarnin kifi, yara na yi musu dariya. Abin ya dami Malam. Sai ya ajiye buhu a gindin keken ɗinkinsa, duk ƙyallen da ya rage daga ɗinkin mutane ya jefa ciki. In biki ya matso ya zazzage buhun, ya yi ta haɗa ja da kore da shuɗi har su zama riguna, ya aika wa masunta kyauta. Shi bai taɓa rawa ba, bai taɓa sa fuskar dodo ba. Ana kiɗa yana alwala. Na taɓa yi masa mita, na ce me ya haɗa ka da bikin da ba naka ba? Ya ce, "Maƙwabcina ne ake yi wa dariya, ni kuma ina da allura."

Mutanen garin suna da wata al'ada. In ɗan gari ya rasu a shekarar, da ayarin biki ya iso ƙofar gidansa sai a tsayar da kiɗa, a wuce shiru. Ɗan gari ake yi wa haka, ba baƙo ba. Malam ya rasu ana saura kaɗan biki, bayan ya gama rigunan shekarar. Ina cikin takaba, ba dangi kusa, kuma gidanmu a kan hanyar ayarin yake. Abin da na fi tsoro shi ne a wuce ƙofarsa ana kiɗa da shewa, kamar ba a taɓa yin wani mutum a gidan ba. Ranar na rufe ƙofa da taga na zauna kusa da kekensa. Masu siliki suka wuce, gangunansu na girgiza kwanon rufi. Ban ga laifinsu ba, ba su san shi ba. Can sai na jiyo gangar masunta tana matsowa, tana matsowa, sai ɗif. Ba abin da nake ji sai ƙarar teku. Na leƙa ta tsagar ƙofa. Titi cike da mutane, kowa ya cire fuskar dodonsa ya riƙe a hannu, kowa sanye da ɗinkin Malam. Na gane ƙyallen zanena na Sallah a kafaɗar wani, na gane ragowar rigar limaminmu a ƙirjin wani. Wani tsohon masunci ya matso bakin ƙofa, da 'yar Hausar da ya tsinta a shagon Malam ya ce, "Matar tela, sannu. Namu ne ya mutu."

Sai da suka sha kwana sannan ganga ta sake tashi. Na yi kuka ranar, amma kaina a ɗage. Mutumin da bai mallaki ko taku ɗaya na ƙasar garin ba, buhun ƙyalle ya mai da shi ɗan gari. Saboda haka ka tafi, amma kada ka rufe hannunka a can. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.