Sawuna a Kan Dakali

Na zalunci mahaifina a zuciyata. Na daɗe ina cewa ko a jikinsa ranar da ya yarda a yanke mini ƙafa.

Shekarar da ake babban taron ƙasa a Yamai ce, rediyo ba ya hutawa a zaurenmu na Gidan Sori. Gwiwata ta hagu ta kumbura, mai ɗori ya duba ya ce ba karaya ba ce. Lokotoro a asibitin Maradi ya ɗauki hoton ƙashin, ya ja Baba gefe, suka yi maganar da ban ji ba.

Ana gobe za mu koma asibiti, da la'asar, na iske Baba yana yaɓen dakalin cikin zaure. Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan.

"Taho, aza ƙafarka nan," ya ce.

Na aza ta dama.

"A'a, ta hagun."

"Baba, zafi take yi!"

"Na sani. Danna dai."

Ya riƙe ƙafar da hannu biyu, ya danna har yatsuna suka fito a ƙasar. Bai dube ni ba. Na ɗauka mugunta ce.

Ashe ciwon daji ne a ƙashi, da an bar ƙafar da ban kai yau ba. Bara da na je gida, na lura an sabunta yaɓen zauren duka, ban da wurin sawun nan. Baba ne ya hana kowa taɓa shi. Na jingine sanduna, na zauna kusa da shi.

"Baba, na munana maka zato. Ka yafe mini."